Baƙon dauro da garkuwar jiki: daga lambar yara a Magarya zuwa neman maganin ƙarin ƙwaƙwalwa

Idan aka gama girbi a ƙasar Kwaya, aka ɗaure dammunan hatsi aka zuba a rumbu, sai gari ya fara raguwa. Samari da magidanta su kama hanyar cin rani, wasu Damagaram, wasu Kano ta Babban Mutum, wasu kuma kasuwannin bakin iyaka irin su Maigatari. Almajirai su bi malamansu. Mata su tafi biki ko ziyarar dangi da goyo a baya, tun da iyakar da ta ratsa tsakanin Magarya da Dungas da ƙasashen Daura da Gumel ba ta yanke zumunci ba. A wannan lokaci, daga hunturu zuwa bazara, ma'aikatan lafiya suke ƙara sa ido, domin shi ne lokacin ƙyanda, wadda aka fi sani da baƙon dauro.

An daɗe ana ɗora laifin a kan iska da ƙura. A 2011 wasu masu bincike suka duba al'amarin ta wata hanya. Suka ɗauki hotunan da tauraron ɗan'adam yake yi wa ƙasa da dare, suka auna hasken fitilu da wutar girki na biranen Yamai da Maraɗi da Damagaram wata bayan wata. Sai suka ga hasken yana ƙaruwa da rani, lokacin da mutanen karkara suke cika birni, kuma yaɗuwar ƙyanda tana tashi tare da shi. Da ruwa ya sauka, kowa ya koma gona, sai hasken da cutar su ragu tare. Ashe cinkoson mutane ne yake hura wutar, kuma wanda ya dawo gida yana iya dawowa da tsarabar da bai sani ba.

Cikin cututtukan da ke shiga ta numfashi, da wuya a sami wadda ta kai ƙyanda saurin kamu. Ƙwayar da ke kawo ta, irin wadda likitoci ke kira birus, tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan mai tarin ya fita. Idan mutum 10 da ba su da kariya suka zauna da mai cutar, 9 za su kamu. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne yaro yana fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙuraje su fito, lokacin da uwarsa take zaton mura ce. A ƙidayar 2012 an sami mutum sama da dubu 570 a gundumar Magarya, da sama da dubu 350 a ta Dungas, kuma yara ne suka fi yawa. Kowace shekara ana haifar dubbai waɗanda jikinsu bai san cutar ba.

Alƙaluman ofis ba sa nuna dukan ɓarnar. A 2003 rahotannin da gidajen likita suka aika sun nuna mutum sama da dubu 50 sun kamu da ƙyanda a faɗin Nijar, kimanin 200 suka rasu. Da masu bincike suka shiga ƙauyukan Mirya, a nan jahar Damagaram, suka bi gida-gida suna tambaya, sai lissafi ya sāke: cikin mutum 945 da suka kamu, 92 sun rasu kafin kwana 30 da fitowar ƙuraje. Kusan ɗaya cikin goma ke nan. Yawancin waɗannan yara a gida suka cika, ba a rubuta su a littafin kowa ba. Amma ko wannan lissafin a kwana 30 ya tsaya. Abin da yake samun yaron da ya warke, bayan wata shida ko shekara, wani labari ne daban, kuma ba a fahimtarsa sai an san yadda jiki yake tsare kansa.

Yadda jiki ke tsare kansa

Mutum yana shaƙar iska fiye da sau dubu 20 a yini, kuma kowace shaƙa tana shigo da ƙura da ƙwayoyin cuta. Tsaro na farko yana cikin hanci da maƙogwaro. Majina tana kama abin da ya shigo, wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani suna turo ta sama, mutum ya yi atishawa ko ya haɗiye. Idan birus ta kuɓuta ta shiga cikin ƙwayar jiki, domin ita birus ba ta iya hayayyafa sai a cikin ƙwayar jiki mai rai, to wannan ƙwaya tana sakin wani sinadari mai suna intaferon. Aikinsa kamar kururuwa ne: maƙwabta su ji, su rufe ƙofofinsu. Zazzaɓi da ciwon jiki da kasala, waɗanda majinyaci ke kuka da su a kwanakin farko na mura, yawancinsu daga wannan kururuwa suke fitowa. Jiki ne yake aiki.

Tsaro na biyu ya fi jinkiri, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, amma shi ne mai sanin fuskar abokin gaba. Wasu fararen ƙwayoyin jini suna ɗaukar guntun birus su kai shi kaluluwa, shi ya sa takan kumbura a wuya ko a hammata. A can ake zaɓo ƙwayoyin da suka dace da wannan cuta ita kaɗai, su hayayyafa. Kashi ɗaya suna ƙera abin da ake kira antikor, wato sinadaran da ke yawo cikin jini suna liƙe wa birus su hana ta shiga. Kashi na biyu suna bin ƙwayoyin jikin da suka riga suka kamu suna kashe su. Idan an gama yaƙi yawancinsu sukan mutu, amma ana barin kaɗan, wasu a kaluluwa, wasu a ɓargo, masu riƙe da kamannin cutar. Su ne kundin tuni na jiki. Kowane zawo, kowane tari da yaro ya yi ya tashi, an ƙara shafi ɗaya a wannan kundi.

Wani likita ɗan ƙasar Danmak, Peter Panum, ya ga iyakar ƙarfin wannan tuni a 1846. A shekarar ƙyanda ta shiga tsibiran Faro, can arewacin Turai, inda rabonsu da ita tun 1781. Cikin mazauna kusan 7800, sama da 6000 suka kwanta. Amma tsofaffin da suka yi ta suna yara, shekara 65 da suka wuce, ko ɗaya bai sāke kamuwa ba. Daga nan ne maganar iyaye take da tushe, da suke cewa baƙon dauro ba ya sauka gidan mutum sau biyu. Gaskiya suka faɗa. Sai dai ba a faɗi kuɗin da jiki yake biya ba.

Cutar da ke bin masu gadi

Yawancin ƙwayoyin mura a fatar hanci da maƙogwaro suke tsayawa. Ƙyanda kuwa fararen ƙwayoyin jini take nema tun farko. A jikinsu akwai wata ƙofa, wadda masana suka sa wa suna CD150, kuma birus ɗin ƙyanda tana da mabuɗinta. Ƙwayoyin da aikinsu shi ne su kama baƙo su kai shi kaluluwa, su ne suke zama abin hawanta. Daga kaluluwa ta bazu cikin jini, kwana 10 zuwa 12 ba tare da wata alama ba, sa'an nan ta dawo huhu da maƙogwaro ta fita cikin tari. Abin takaicin shi ne ƙwayoyin tuni suna cikin waɗanda suka fi yawan wannan ƙofa. Cutar tana cin su, jiki da kansa kuma yana kashe waɗanda suka kamu. Bayan ƴan makonni yawan fararen ƙwayoyin jini yakan koma daidai, wanda ya auna jinin yaron zai ce lafiya lau. Amma sababbin da suka cike gurbin yawancinsu ƙyanda kaɗai suka sani.

Tun 1908 wani likitan yara a birnin Biyana, Clemens von Pirquet, ya lura cewa yaron da gwajin fata ya nuna jikinsa ya san tarin fuka, idan ya kamu da ƙyanda sai gwajin ya daina nunawa. An ɗauka rauni ne na ƴan makonni. A 2015 Michael Mina da abokan aikinsa suka bi tsofaffin alƙaluman mutuwar yara na Ingila da Amurka da Danmak, suka ga bayan kowace annobar ƙyanda mutuwar yara ta sanadin wasu cututtuka tana hawa, kuma ba ta sauka sai bayan shekara 2 zuwa 3. A 2019 aka sami hujjar a cikin jini. An auna jinin yara 77 a ƙasar Holan waɗanda ba a yi musu lamba ba, kafin su kamu da kuma bayan sun warke. Kowane yaro ya yi asarar wani kaso na ire-iren antikor ɗin da ya tara, daga kashi 11 har zuwa kashi 73 cikin 100. Da aka auna yaran da aka yi wa allurar rigakafi, ba a ga wannan asara ba. Wato lamba tana koya wa jiki fuskar ƙyanda, kundin kuma yana nan yadda yake.

Yaran Holan ƙosassu ne, ga likita a kusa. Sai mai karatu ya kwatanta da yaron Kwaya ɗan shekara biyu, wanda ya yi ƙyanda a watan Maris. Ya tashi da ramar jiki, bakinsa da miki, ba ya son abinci. Bayan wata uku rumbu ya yi ƙasa, bayan wata biyar sauro ya cika gari. Zawo da ciwon huhu da jikinsa ya riga ya koyi kokawa da su za su same shi kamar jariri. Tun 1977 likitoci a Zariya, cikinsu har da Hilton Whittle da Brian Greenwood, suka nuna cewa yaro mai tamowa ya fi daɗewa da birus ɗin ƙyanda a jikinsa, domin garkuwarsa ba ta da ƙarfin korar ta. Tamowa tana buɗe wa ƙyanda hanya, ƙyanda kuma tana jawo tamowa. Mutanen wannan yanki sun san nauyin damina a kan yara. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aiki tare da ma'aikatar lafiya a Magarya tun 2005, ta sanar cewa yara sama da 700 suna kwance a sashen yara na asibitin garin, kuma ana rasa kimanin 10 kowace rana, galibi saboda masassarar cizon sauro da tamowa. A irin wannan wuri, yaron da ya shiga damina da garkuwar da aka yi wa sata yana cikin haɗari ninki biyu, kuma idan ya rasu, a takarda za a rubuta ciwon huhu ko zawo.

A wasu gidaje har yanzu ana kulle mai ƙyanda a ɗaki, a rage masa ruwa da abinci, a ƙi kai shi likita don tsoron kada allura ta mayar da ƙurajen ciki. Keɓe shi daga sauran yara daidai ne. Sauran kuwa suna ƙara wa cutar ƙarfi. Babu maganin da ke kashe birus ɗin ƙyanda, amma akwai abin da ke rage mutuwa ƙwarai: bitamin A, sau biyu a kwana biyu a jere, wanda kuma yake tsare ido daga makanta, ruwa da nono da abinci mai laushi ba fashi, da maganin ciwon huhu da zarar numfashi ya fara sauri. Bayan ƙuraje sun bushe aiki bai ƙare ba. Yaron yana bukatar awo da kulawa na watanni, kuma duk zazzaɓin da ya biyo baya a ɗauke shi da muhimmanci.

Akwai kuma inda garkuwa take yin ɓarna saboda ta wuce gona da iri. An ga haka a cutar korona, wadda aka tabbatar da shigarta Nijar ranar 19 ga Maris 2020. Da yawa daga waɗanda ta kashe, a mako na biyu suka tsananta, lokacin da birus ta fara raguwa amma kururuwar jiki ta ƙi tsayawa, huhu ya kumbura ya cika da ruwa. A watan Yuni na 2020 wani babban gwaji a Ingila ya nuna cewa dexamethasone, tsohon magani mai arha wanda ke kwantar da garkuwa, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi. Ga waɗanda ciwonsu bai kai ga bukatar iskar oksijan ba, bai amfana musu kome ba. Ya kamata a tsaya a nan kaɗan, domin wannan ƙwaya ce ake sayarwa a tebur a kasuwanni, wasu suna sha don su yi ƙiba, wasu suna ba yara don mura. Mai yin haka yana kwance wa masu gadin jikinsa ɗamara da hannunsa.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa tana da tsaro na musamman. Jijiyoyin jinin da ke ratsa ta a matse suke, ba sa barin yawancin ƙwayoyin cuta da magunguna su wuce, kuma fararen ƙwayoyin jini ba sa shiga yadda suka ga dama. Akwai hikima a ciki, domin ƙoƙon kai ba ya buɗewa, kumburin da hannu zai jure yana iya kashe mutum idan a kai ne. Duk da haka ƙyanda takan keta wannan shinge. Kimanin yaro ɗaya cikin 1000 yakan sami kumburin ƙwaƙwalwa a lokacin ciwon, ya mutu ko ya kurumce ko hankalinsa ya taɓu. Akwai kuma wani nau'i da ba safai ake gani ba, inda birus take ɓuya shekara 7 zuwa 10. Yaro yana lakwal sai karatunsa ya fara lalacewa, jikinsa ya riƙa fizga, a hankali ya daina magana. Ba a warkewa daga wannan, kuma ya fi samun waɗanda suka yi ƙyanda tun suna jarirai.

Wannan shinge da ke tsare ƙwaƙwalwa shi ne kuma yake ba ƙari mafaka. Ƙari yana farawa ne idan wasu ƙwayoyin jiki suka ƙi bin doka, suka yi ta rabuwa ba tsayawa. Wani ƙarin ba ya yaɗuwa, idan aka cire shi an gama. Wani kuwa kansa ne, kuma mafi muni cikin na ƙwaƙwalwar manya shi ne wanda ake kira giliyobilastoma. Ko a manyan asibitocin duniya, bayan fiɗa da gashi da magani, rabin majinyata ba sa wuce wata 15. Matsalar garkuwa a nan kishiyar ta mura ce. Birus baƙuwa ce, jiki yana ganinta ya yi kururuwa. Ƙari ɗan gida ne, da naman mutum aka yi shi, masu gadi suna wuce shi ba su tanka ba. Bugu da ƙari yana sakin sinadaran da ke sa fararen ƙwayoyin jini barci. Waɗanda suka shiga cikinsa, irin masu haɗiye datti, yakan juya su su zama bayinsa, har sukan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ko fiye. A 2018 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano cewa a jikin masu wannan ƙari, ƙwayoyin da ya kamata su yaƙe shi da yawa suna maƙale cikin ɓargo, sun kasa fitowa. Shi ya sa sababbin magungunan tayar da garkuwa, waɗanda suka ceci mutane da yawa daga kansar fata da ta huhu, har aka ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a kansu a 2018, da aka gwada su a kan giliyobilastoma ba su yi abin da aka sa rai ba.

To, yaya za a sa jiki ya ga abin da ba ya gani? Amsar da wasu masana suke bi ta faro ne daga asibitocin Afirka. A 1971 likitoci biyu a Kampala ta Uganda suka ba da labarin wani yaro ɗan shekara 8 mai kansar Burkitt, wadda ta kumbura masa gefen ido. Kafin a fara masa magani sai ya kamu da ƙyanda, kuma cikin ƴan makonni kumburin ya sace. A 1981 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka rubuta irin wannan a mujallar Lancet, game da wani majinyaci mai kansar kaluluwa ta Hodgkin. Waɗannan ba ƙarin ƙwaƙwalwa ba ne, kansar fararen ƙwayoyin jini ce, wato abincin da birus ɗin ƙyanda ta fi so. Amma sun nuna abu biyu: birus tana iya cin ƙwayoyin kansa, kuma shigarta tana tayar da kururuwar da ƙarin ya danne.

Ba wanda zai sa wa majinyaci ƙyandar daji. Wadda ake aiki da ita ita ce raunanniyar birus ta cikin allurar rigakafi, wadda aka yi wa ɗaruruwan miliyoyin yara. Ita tana iya shiga ta wata ƙofa daban, CD46, kuma ƙwayoyin kansa da yawa suna da wannan ƙofa fiye da lafiyayyu. Idan ta shiga sai ta sa su narke su haɗe da juna su mutu, gawarsu kuma ta jawo hankalin garkuwa. A asibitin Mayo na Amurka, ƙarƙashin likita Evanthia Galanis, an zuba irin wannan birus kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar mutum 22 waɗanda giliyobilastoma ta dawo musu bayan magani. Sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna jikinsu ya jure, kuma kusan rabinsu sun kai shekara guda. An lura birus ta fi hayayyafa a ƙarin da ya rasa ikon yin kururuwar intaferon, wato dabarar da ya yi don ya ɓuya ita ce ta zama rauninsa. Ana zuba ta cikin ƙarin ne, domin da ta jijiya aka bi, antikor ɗin da kusan kowane babba yake da su za su tare ta a hanya. A birnin Pamplona na Sipaniya kuma an yi amfani da wata birus ta dangin masu kawo mura, adenobirus, wadda aka gyara, ga yara 12 masu ƙari a gindin ƙwaƙwalwa, wurin da wuƙa ba ta isa. A rahoton 2022, ƙarin ya ragu a jikin 9, kuma rabinsu sun kai kusan wata 18, alhali a da ba safai ake cika shekara ba. Ƙasar Japan ma a 2021 ta ba da izini na wucin gadi ga wani magani irin wannan mai suna Delytact.

Kada a yi gaggawar murna. Waɗannan gwaje-gwaje ne a kan mutane ƙalilan, an ƙara musu watanni, ba a ce an warkar da su ba. Kuma kada wani ya ji labarin yaron Kampala ya ce ashe ƙyanda tana da amfani: irinsa ƴan kaɗan ne aka taɓa rubutawa a duniya, ita kuwa a 2023 kaɗai ta kashe mutum kimanin 107.500, yawancinsu yara ƴan ƙasa da shekara 5. Abin da ya fi kusa da mutumin Kwaya ko Dungas shi ne ya gane alamun ƙari da wuri. Ciwon kai da ke ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsanani da asuba tare da amai. Farfaɗiya da ta fara wa babba wanda bai taɓa yi ba. Gani da ke raguwa ko ya zama biyu. Ɓarin jiki da ke mutuwa a hankali. Hali da ya sāke ba dalili. Kan jariri da ke girma fiye da kima. Sau da yawa akan ce iska ce ko sammu, a yi ta yawo har lokaci ya ƙure. Hanyar ita ce gidan likita na kusa, daga nan asibitin gunduma, sai babban asibitin ƙasa na Damagaram, wanda bai kai kilomita 100 daga Magarya ba. A 2021 aka buɗe sashen gashi na farko a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan sai an fita waje. Tafiyar kilomita 900 ce daga Damagaram, ba ƙaramin nauyi ba ne ga manomi, amma yawancin ƙarin da ba kansa ba ne ana iya cire su idan an zo da wuri.

Lamba biyu

An fara samun allurar ƙyanda a 1963. Dattawa za su tuna ayarin da suka riƙa zagaya ƙauyuka daga 1967 da bindigar lamba, a shirin kawar da agana da rage ƙyanda na ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Agana ta tafi ba ta dawo ba. Ƙyanda ta fi ta taurin kai, domin sai an yi wa kashi 95 cikin 100 na yara kafin ta rasa wurin sauka. Nijar ta kafa shirinta na rigakafi na dindindin a 1987, inda ake yi wa yaro lamba yana wata 9. An zaɓi wannan wata ne saboda jariri yana zuwa duniya da antikor na aro daga uwarsa. Idan aka yi lamba da wuri, su za su kashe raunanniyar birus kafin jiki ya koyi kome. Idan aka makara, aron ya ƙare, cutar ta riga allura. Ko a wata 9, cikin yara 100 akwai kimanin 15 da lambar ba ta kama su. Domin su ne aka ƙara lamba ta biyu a 2014, wadda ake yi a shekara ta biyu ta yaro. Idan aka yi sakaci, cutar ba ta jira: bayan rikicewar da korona ta kawo wa aikin rigakafi, a wata ukun farko na 2021 an ƙirga mutum 3213 da suka kamu a Nijar, ninki uku na daidai wannan lokaci a 2020.

Lamba ta biyu ita ce ake yawan mantawa. Yaro ya fara tafiya, uwa ta sami wani ciki ko wani goyon, karne yana ƙasan akwati. A nan ne aikin maigari da liman da malamin yaƙi da jahilci yake, domin wanda ya iya karatu zai iya buɗe karnen maƙwabta ya ga ko layin na biyu a cike yake, tun kafin masu cin rani su fara dawowa. Yaron da aka yi wa lamba a Najeriya ko a wani gari, a nuna takardarsa. Wanda ba a tabbata ba, ƙarin allura ba ya cutarwa. Akwai kuma abin da ya shafi majo da ma'aikatansa. Kwalbar da aka saba amfani da ita ta yara 10 ce, sai an ajiye ta a firigo, kuma idan aka dama ta, bayan awa 6 sai a zubar da abin da ya rage. Wannan ne yake sa a wasu wurare a ce wa uwar da ta yi tafiyar sa'o'i a ƙasa ta koma sai ranar da yara suka taru, ita kuwa ba lalle ta dawo ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a buɗe kwalbar ko da yaro ɗaya ne ya zo.